Koriyar Fitila a Reshen Bayan Tasha

Kafin Sufeto ta iso, an riga an fasa gilashin ƙofar ɗakin gwajin jinin. Mata sun cika bakin titi, wasu da tef ɗin awo rataye a wuya, dukkansu daga kamfanin ɗinkin da ke bayan ginin. Maigadi ya ja ƙofar ƙarfe ya tsaya a gabanta yana zufa.

"A fito mana da ita! A fito da munafuka!"

Sufeto ta sauko daga tasi tana dafe da gwiwarta mai ciwo. Ta daɗe a aikin ɗan sanda kafin ta yi ritaya. Yanzu kamfanin ɗakunan gwajin ne ke kiranta duk lokacin da wani abu ya ɓace a rassansa, ko ya fita ta inda bai kamata ba. Sunan ya bi ta har gida, jikokinta ma Sufeto suke ce mata.

"Wace ce babbarku?" ta tambaya. "Ba na jin magana idan bakuna sun yi yawa."

Wata doguwar mace ta matso. Babbar Tela ake ce mata, a da ita ke duba ɗinkin sauran kafin a naɗe.

"Mama, an kore mu ne. Duk wadda ta zo nan aka ɗebi jininta, ba a jimawa sai mai kamfani ya kira ta ya ce aiki ya ragu. Mai juna biyu, mai ciwon suga, duk ya sallame su. Mun ɗauka ƙaddara ce. Sai jiya da ya kori waccan," ta nuna wata siririya da ke kuka a gefen kwata, "bakinsa ya suɓuce, ya ce ta je ta kula da hantarta. Ko uwarta ba ta faɗa wa ba, Mama! Ko uwarta!"

"Ke fa?"

"Ni ce ta farko."

"Wa kuke zargi?"

"Maman Biyu, mai karɓar mutane a tebur. Mijinta ne direban mai kamfanin. Sai an yi duba?"

Sufeto ta ga ɓarayi iri-iri a rayuwarta, amma wanda zai saci abin da ke cikin jinin mutum ya kai wa mai ba shi aiki, wannan sabon salo ne.

"Ku ba ni zuwa gobe," ta ce. "Wadda ta sake jifa kafin nan, da ita zan fara."

Manajan reshen ya tarbe ta da murmushi da ƙamshin turare. Ya ja mata kujera, ya juyo mata da allon kwamfutarsa.

"Ranki ya daɗe, abin a fili yake. Ba a iya buɗe sakamakon kowa sai daga cikin ginin nan. Ko Darakta, shugaban kamfaninmu, ba zai iya daga gidansa ba. Hedikwata ta duba, an buɗe na matan nan da lambar teburin gaba. Ni kuwa a yawancin ranakun ina taro a hedikwata, kowa shaida ne. Na riga na rubuta a sallame ta yau."

"To ka kama, ka yanke hukunci, ka zartar. Ni an kira ni ne in tafa maka?"

Murmushin ya ragu.

"Me ke hana a buɗe daga waje?" ta tambaya.

Ya kai ta lungun bayan ofishinsa, ya buɗe wani ƙaramin kabad da makullin da ke aljihunsa. A ciki akwai baƙin akwati, bai fi tiren shayi girma ba, wayoyi sun shiga bayansa, koriyar fitila tana ƙiftawa a goshinsa.

"Akwatin gadi muke ce masa. Shi ke tsare ƙofa tsakanin kwamfutocinmu da duniya. Daga hedikwata ake saita shi, ni ko taɓa shi ba na yi."

Ya mayar da kabad ɗin ya kulle kafin ta gama kallo.

Maman Biyu tana ɗakin ajiya, zaune kan kwalin safar hannu. Idanunta sun kumbura, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Lambar teburin gaba wa ya san ta, 'yata?"

"Kowa, Mama. Mai ɗibar jini ya sani, mai shara ma ta sani. Manaja ne ya zaɓe ta, na ce a canza ya ce ba ya son wahala."

"Kina ba mijinki labarin aiki?"

"Mutumin da ke shigowa gida ya yi barci da takalmi a ƙafa? Kuma ko da yana da kunnen ji, ni ce zan tona asirin mace 'yar'uwata? Ni da nake riƙe musu hannu idan an soka allura? Tun da aka buɗe reshen nan ban taɓa fashin zuwa aiki ba. Ranar da taransifomar layin nan ta ƙone, janaretanmu kuma ya ƙi tashi, wuni guda babu ko fanka, kowa ya gudu gida. Ni na zauna a cikin zafi na kwashe jinin da ke firji cikin ƙanƙara, na kai wani reshe don kada ya lalace. Yau ni ce munafuka."

Sufeto ba ta lallashe ta ba, lallashi ba ya cikin abin da ta iya. Ta ce wa maigadi ya fitar da ita ta ƙofar baya ya raka ta gida.

Sufeto ta sami mijin Maman Biyu a garejin kamfanin ɗinki yana goge mota da ƙarfi kamar motar ce ta yi masa laifi. Shi ta fi zargi da farko. Direba yana jin komai, kuma yana son maigidansa ya ji daɗinsa.

"Maigidanka ya taɓa tambayarka su wa ke zuwa gwaji?"

Ya jefar da tsumman a bokiti.

"Ni? Ai ya fi ni sanin abin da ke faruwa a can. Ginin ma nasa ne, haya kamfaninku yake yi. Kuma idan labari yake so, me zai yi da direba alhali Manajanku ƙanwarsa yake aure? Ni nake kai ta gidan yayan nata duk mako."

Sufeto ta ɗaga gira. Manaja bai ambaci wannan ba. Amma ta kira hedikwata daga nan inda take tsaye, aka tabbatar mata lallai yana wurin taro a ranakun, a kujerar gaba ma. Mutum ba zai zauna a gaban Darakta kuma ya buɗe kwamfuta a reshe ba. Ta yi tsaki, ta nemi lambar wanda ya haɗa wayoyin ginin.

Mai Tsani ake kiransa, kuma a kan tsani ta same shi, don tana jin iska da hayaniyar titi ta cikin wayar.

"Mama, ni na kafa akwatin inda aka ce in kafa, na jona, fitila ta kama. Injiniya ta kira ni daga hedikwata ta ce ta gan shi ya hau layi, na sa hannu na tafi. Wallahi da hannu ɗaya nake riƙe da wayar nan, zan faɗo."

Ya kashe wayar.

Washegari da hantsi ta hau bene na hedikwata tana zagin matakala. Injiniya matashiya ce mai tabarau, ofishinta ɗan ƙarami, sanyinsa kamar cikin firji. Ita ma an ce mata ta shirya amsa tambayoyi, kuma ranta a ɓace yake.

"Shekara da shekaru ina kulle musu ƙofofi, yau ni ake kallo da gefen ido! Zauna ki gani, Mama."

Ta nuna babban allo mai ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo da sunan reshe a ƙarƙashinsa.

"Rassanmu sun yi yawa, ba zan iya zuwa kowanne ba. Saboda haka akwatin yana barin nan babu komai a cikinsa. Idan ya isa aka jona shi da wuta da layi, sai ya kira gida, ya faɗi lambar jikinsa. Ni kuma daga kujerar nan in tura masa makullai da dokoki: wa zai shiga, wa ba zai shiga ba. Daga ranar, duk kwamfutar da ke bayansa 'yar gida ce. Wadda ba ta bayansa, ko ta san lambar sirri, ƙofa ba za ta buɗe mata ba."

"Wani zai iya yin na jabu?"

"Ba zai samu makullaina ba. Kuma reshen bayan tasha, ai shi ne ɗana mai biyayya. Sauran kullum suna mutuwa suna tashi, ina bin su da waya. Shi kuwa dubi layinsa." Ta ja yatsa a kan wani dogon koren zare. "Tun ranar da na saita shi bai taɓa ɗaukewa ba."

Sufeto ta daina murza gwiwarta.

"Bai taɓa ba?"

"Ko sau ɗaya."

"Idan aka ɗauke wuta fa?"

"Yana da ɗan batiri, amma ba ya wuce a sha shayi a tashi."

"'Yata, akwai ranar da taransifomar layin ta ƙone, janaretansu ya ƙi tashi. Wuni guda ko fanka ba ta juya ba a ginin nan."

Injiniya ta cire tabarau, ta mayar. Ta nemo ranar, ta faɗaɗa layin. Kore ne shar tun safe har yamma.

"To akwatina ba ya cikin reshen," ta ce a hankali.

"Kin taɓa ganinsa a can da idonki?"

"Aikina ke nan, Mama, in saita shi ba tare da na gan shi ba. Lambarsa ya faɗa mini, bai faɗa mini ɗakin da yake ba." Ta buga tafin hannu a tebur. "Da makullaina! Da hannuna na tura musu!"

"Ɗauko ƙaramar kwamfutarki. Ki kuma ce wa Darakta ina son ganinsa a reshen bayan azahar."

Sufeto ba ta shiga ta ƙofar gaba ba. Ta zaga ta lungun da ke tsakanin ɗakin gwajin da katangar kamfanin ɗinki, inda ake jibge kwalaye da tsofaffin kujeru. Ta tsaya ta ɗaga kai tana bin bakin rufi da ido. Wayar wuta ta gani, da bututun ruwa, sai wata siririyar waya da ta fito ta ramin iska a saman teburin gaba. An shafe ta da fenti kalar bango, amma mai fentin ya yi sauri, ɗigon ya zubo a kan bulo. Ta bi ta a hankali tana ture kwalaye da ƙafa. Wayar ta bi ƙarƙashin indararo, ta haye katanga, ta shige ta gefen wata taga mai labule a benen kamfanin. A ƙasan tagar wani ƙaton janareta yana ta ruri.

Ta daɗe tana kallon tagar. Sannan ta ciro waya ta kira wani tsohon abokin aikinta da har yanzu yake sanye da kaki.

Ta tara su a ɗakin jira. Darakta ya zauna yana duba agogo. Manaja yana gefensa. Maman Biyu da mijinta suna bakin ƙofa, Babbar Tela ta tsaya nesa da su ta harɗe hannu. Mai Tsani ya zo da ƙurar siminti a gashinsa. Mai kamfanin ɗinki ya shigo a ƙarshe, an ce masa za a yi maganar gilashin gininsa da aka fasa, ya zauna ya baje babbar rigarsa a kan kujera biyu.

"Manaja, buɗe mana kabad ɗinka," in ji Sufeto.

Ya buɗe. Koriyar fitilar tana ƙiftawa.

"Maigadi, zare wayar wutar akwatin. Zare duk wayoyin."

Fitilar ta mutu. Injiniya ta juyo da allonta kowa ya gani: ɗigon reshen bayan tasha yana nan kore. Sufeto ta ce wa Maman Biyu ta zauna a teburinta ta buɗe shafin aiki. Ya buɗe nan take.

Injiniya ta ɗaga akwatin ta juya shi ta karanta lambar da ke ƙasa.

"Wannan tsoho ne, tun bara aka cire shi daga wani reshe. Babu abin da yake yi sai ƙifta ido."

Sufeto ta juya ga Mai Tsani.

"Ɗana, jiya ka ce ka kafa inda aka ce ka kafa. Ina aka ce?"

Ya dubi Manaja, ya dubi ƙasa.

"Manaja ya ce kabad ɗin nan yana zafi, akwatin zai ƙone. Ya ce in kai shi ofishin mai gini, can akwai sanyi da wuta kullum, in jawo waya zuwa nan. Ya ce hedikwata ta sani. Ni ban san na mene ne ba, Mama. Waya aka ce in ja."

"Kuma ka ga an tara wa baiwar Allah jama'a a ƙofa, ka yi shiru?"

Ya kawar da fuskarsa daga wajen Maman Biyu.

"Wannan ƙazafi ne," mai kamfanin ya ce yana tattara rigarsa.

"Zauna, ba nisa za mu je ba. Injiniya, karɓe makullanki."

Injiniya ta danna 'yan maɓallai. Ɗigon ya koma ja, shafin da ke gaban Maman Biyu ya rufe kansa. Daga nan Sufeto ta sa su duka a gaba, suka zaga ta ƙofar kamfanin, suka ratsa tsakanin kekunan ɗinki, matan suna ɗago kai layi bayan layi. A ofishin bene, ƙarƙashin teburin mai kamfanin, bayan kwandon shara, ga baƙin akwati da jar fitila. Waya ɗaya ta fita ta taga zuwa ɗakin gwajin. Ɗayar ta hau kan tebur ta shiga kwamfutarsa.

Manaja ya jingina da bango.

"Shi ya riƙe matata tun tana ƙarama," ya ce. "Shi ya yi mini hanyar aikin nan. Ya ce kawai yana son ya san masu lafiyar aiki. Ta yaya zan ce masa a'a?"

"Amma ka iya ce wa Maman Biyu ta tattara kayanta," in ji Sufeto. "Ka ba shi lambar teburinta, ka tafi taro ka zauna a kujerar gaba don a gan ka. Wannan duk ka iya."

Mai kamfanin bai ji kunya ba ko kaɗan.

"Kamfanina ne. Ina da oda da zan cika. Mace ta zo ta zauna mini a kan keke da ciki ko da ciwo, gobe ta ce asibiti, jibi ta ce haihuwa. Ba ni da ikon sanin wanda na ɗauka?"

Babbar Tela ta yi kansa, sai da direban ya shiga tsakani.

"Kai ka san irin daren da na kwana ina cika maka odar nan?" ta ce. "Jinina ne! A jikina aka ɗiba!"

Darakta ya ja Sufeto gefe, ya rage murya.

"Ranki ya daɗe, an gano gaskiya, mun gode. Amma a bar abin nan a cikin gida. Za mu sallami Manaja shiru, mu mayar da matar aikinta. Idan ya fita, sunan kamfani ne zai ɓaci."

"Sunan matar nan a titi aka ɓata shi, da rana tsaka, da duwatsu," ta ce ba tare da ta rage tata muryar ba. "A titi za ka wanke shi. Game da cikin gida kuwa, ka makara."

Takalma suna hawowa matakala. 'Yan sanda suka tafi da Manaja da mai kamfanin da akwatin da kwamfutar, ta tsakiyar kekunan ɗinkin da duk suka yi tsit.

Darakta ya tsaya a bakin fasasshiyar ƙofar a yammacin nan, ya faɗa wa matan da bakinsa cewa Maman Biyu ba ta da laifi. Bai so ba, amma Sufeto tana tsaye a bayansa. Injiniya ta kawo sabon akwati da kanta, ta kafa shi a kan bango inda duk mai shigowa zai gan shi, ta kuma sa doka cewa ba za ta sake tura wa wani reshe makullai ba sai mutum biyu sun nuna mata ɗakin ta waya. Shari'ar ta ja, kamar yadda shari'a take ja. An mayar da wasu matan aiki bisa umarnin kotu, wasu sun ce ko da kuɗi ba za su koma ba.

Wata safiya Sufeto ta biya ta reshen don ta sa hannu a rufe binciken, sai ta tarar da Babbar Tela tsaye a gaban teburin gaba. Cikinta ya fito sosai. Maman Biyu tana danna kwamfuta, ba ta ɗago ba.

"An ce in sake gwaji," in ji Babbar Tela. "Mun daɗe muna neman haihuwa, ni da mijina. Har mun daina zancen. Da na karɓi sakamakon na ɓoye, ina jiran ya dawo daga tafiya in faɗa masa da bakina, in ga fuskarsa. A bakin maigadin kamfani ya ji. Wai an kori matarka saboda ciki. Shi ya sa na ɗauki dutsen nan."

Maman Biyu ta ɗago.

"Ni kuma 'ya'yana a makaranta suka ji cewa uwarsu munafuka ce. Har yau ƙaramar ba ta son fita wasa."

Sufeto ta riƙe biro a sama, ba ta sa hannun ba.

Maman Biyu ta tashi, ta zagayo teburin, ta jawo kujerarta ta kanta mai matashi.

"Zauna, yaya," ta ce. "Tsayuwa ba taki ba ce yanzu. Wane hannun za a ɗiba?"